Daga Baƙin Rali Zuwa Koriyar Riga

A Birnin Kebbin da na tashi, keke dukiya ne. Mutumin da ya mallaki baƙin Rali ba a lissafa shi cikin matalauta, ko da rigarsa ɗaya ce. Da shi malamin makaranta yake zuwa aiki, da shi malamin gona yake zaga ƙauyukan fadama, da shi ɗan kasuwa yake cin kasuwar Jega ya kwana gida. A zamanin En'e har lamba ake yankar wa keke a maƙala masa. Ranar Juma'a da hantsi sai ka ga magidanci ya fito da nasa ƙofar gida, ya kifa shi tayoyi sama, yana bin sifoki ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ɗan kananzir, ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai, ya juya feda da hannu yana sauraron ƙarar. Ledar da aka naɗe ƙarfen da ita tun daga kanti ba a cire ta sai ta mutu don kanta. Wani ya sa madubi biyu, wani ya rataya tuntayen ulu a hannu, kowa da irin ƙaunar da yake nuna wa abin hawansa.

Mu yara haya muke yi. Ka tara 'yan kwabbanka ka kai wa mai haya, ya dubi agogo ya miƙo maka, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda domin ba ka isa sirdi ba, ka yi ta zagayen unguwar Nasarawa har lokacinka ya cika. A nan muka san tsere tun ba mu san ana yin sa a matsayin sana'a a wata duniya ba.

Abin ya fara sauyawa bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991. Gari ya zama babban birni, ma'aikata suka cika shi, babur ya yi araha da shigowar na Sin da na Indiya, kabu-kabu ya zama sana'ar samari. Cikin 'yan shekaru keke ya sauko daga abin alfahari ya koma abin da ake hawa don babu yadda za a yi. Saurayi ya gwammace ya taka da ƙafa zuwa zance da a gan shi bisa keke. Masu faci suka koma gyaran babur ɗaya bayan ɗaya. A layinmu mutum ɗaya ne ya ƙi barin sana'arsa, wani dattijo da kowa ke kira Baba, yana nan ƙarƙashin dogon yaro da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tub don neman huji. A gefen rumfarsa majalisarmu take.

Majalisar ta 'yan ƙwallo ce, kamar kusan kowace majalisa a garin. Daga Agusta zuwa Mayu ba a rasa abin musu, musamman tun da samari suka kawo wasan nan na waya da kowa ke zaɓen 'yan wasansa na gasar Firimiya ya tara maki. Amma da an rufe kaka sai hira ta mutu. Yuni da Yuli watanni ne na damina da shiru. A irin wannan shirun ne, cikin 2023, wani ƙanenmu da ya dawo hutu daga jami'a ya ce akwai wani tseren keke da ake yi a Faransa na mako uku, kuma ana iya yi masa irin wancan wasan na maki. Aka yi masa dariya. Shekarar kuwa ita ce wadda aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mutane suka fara jawo tsofaffin kekunansu daga zaure suna kawo wa Baba. Wataƙila shi ya sa dariyar ba ta yi nisa ba. Keke ya riga ya dawo bakin mutane.

Tsarin da muka ɗauka mai sauƙi ne. Kowa yana da jarin maki 100, ya sayi mahaya tara daga cikin waɗanda za su shiga tseren, kowane mahayi da farashinsa gwargwadon sunansa. Idan ka ɗauki manya biyu, rabin jarinka ya tafi, sauran bakwai sai ka shiga neman masu araha da kake fatan za su ba da mamaki. Da an busa tashi ba canji. Wanda ka zaɓa shi ne naka har ƙarshe, ko ya faɗi ko ya tashi. Wani malamin lissafi a cikinmu ya ware rijista guda, ya ja layuka da rula, kowace yamma ya shigar da makin kowa da jan biro.

Tun ranar farko aka yanke magana ɗaya: ba kuɗi. Mun ga abin da shagunan caca suka yi wa samarin gari, mun ga wanda ya sayar da babur ɗin da yake ci da iyali da shi saboda tikiti. Babban yayanmu a majalisar ya ce muddin aka sa ko naira ɗaya shi ya fita, kuma zai sa a tashi daga wurin. Wani Alhaji da ba ya cikin wasan ya ɗauki alkawarin gasasshen kifi ga wanda ya zo na ɗaya, kuma kifin a tire ɗaya ake cinsa da wanda ya ci da wanda ya zo ƙarshe. Har yau ina ganin wannan sharaɗin ne ya sa abin ya ɗore, ya kuma sa dattawa suka iya zama tare da mu ba tare da jin nauyi ba.

Sai da muka shiga muka gane girman abin da muka taɓa. Tseren, wato Tour de France, ya faro ne a 1903, wata jarida mai suna L'Auto ta ƙirƙiro shi don ta ƙara ciniki, Maurice Garin ya ci na farko. A yau zango 21 ne cikin kwana 23, da hutun yini biyu, tafiyar da ta kusa kilomita 3,500, kowace ƙungiya da mahaya takwas. Akwai zangon fili na masu fizgar ƙarshe, akwai na duwatsun Alps da Pyrenees inda hanya ke miƙewa sama kilomita goma sha wani abu ba sassauci, akwai tseren agogo da kowa ke fita shi kaɗai. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, wadda aka fara bayarwa a 1919. Koriyar riga ta mai tara makin gudu ce, mai ɗigon ja ta gwanin hawan dutse, fara kuma ta matashin da ya fi. Lokacin ma ya yi mana daidai: yawanci zango yana ƙarewa wajen ƙarfe huɗu da rabi agogonmu, wato da an sallame La'asar sai a taru a kan waya ɗaya ko biyu a ga kilomitocin ƙarshe, in intanet ta yarda.

A makon farko ido ɗaya muke kallo da shi, idon ƙwallo: wa ya ci? Mun kasa gane dalilin da zai sa mutum sama da ɗari da saba'in su dunƙule wuri ɗaya su yi tafiyar awa huɗu ba wanda ya yi yunƙurin tserewa, ko dalilin da zai sa a bar wasu biyar su yi gaba da minti shida sannan a kamo su saura kilomita uku. Baba ne ya warware mana, shi da bai taɓa ganin tseren ba sai a lokacin. Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce: “Ku ba ku taɓa taka keke kuna fuskantar iskar hunturu ba, shi ya sa. Wanga da kuka gani gaba ba don kainai yaka wahala ba. Iska yaka sha ma na baya.” Ya ce a zamanin da suke kai kaya Argungu su uku ko huɗu, haka suke yi, ɗaya ya shiga gaba ya kare sauran, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Abin da masana ke cewa mahayin da ya laɓe bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, Baba ya san shi a cinyoyinsa tun kafin a haife mu.

Daga ranar kallonmu ya sauya. Muka fara lura da mutanen da sunansu ba ya fitowa a allon sakamako: wanda zai koma baya wurin motar ƙungiya ya cusa gorunan ruwa shida ko bakwai a cikin rigarsa, ya sake ratso ayari ya raba wa 'yan'uwansa, wanda zai tsaya ya miƙa wa jagoransa kekensa in na jagoran ya lalace, shi ya zauna bakin hanya yana jiran mota, wanda zai ja ayari a gindin dutse har numfashinsa ya ƙare, ya kauce gefe, ya ƙarasa zangon minti ashirin bayan an gama tafi. Baba ya ce wannan ai gayya ce, gonar mutum ɗaya ake nomewa amma kowa ya san kunyar da ya ɗauka. A shekarar Jonas Vingegaard ɗan Denmak ne ya ci, bayan ya ba Tadej Pogacar ɗan Sulobeniya tazarar minti ɗaya da daƙiƙa 38 a tseren agogo na zango na 16, washegari kuma Pogacar ya sare a hawan Col de la Loze. Amma hirar majalisa ta fi yawa a kan Sepp Kuss, Ba'amurken da ya yi ta jan Vingegaard a duwatsu. Da Kuss ɗin ya ci gasar Sifaniya a watan Satumba na shekarar, ƙungiyarsa ta bar masa bayan an sha ce-ce-ku-ce, murnar da aka yi a rumfar Baba ta fi ta ranar da aka raba kifi.

A nan ne na fara ganin gurguntar wasan namu. Rijistar malam ba ta san ɗaukar ruwa ba. Mutum zai kashe kansa yini guda saboda wani, a shafinsa a rubuta sifili. Shekarar da ta biyo muka ƙara doka: duk wanda alƙalan tseren suka ba kyautar jarumin yini, wadda ake ba mahayin da ya fi kai farmaki, yana da maki mai kauri a wurinmu, haka kuma duk mahayinka da ya kai ƙarshen mako ukun yana da nasa ko da shi ne na baya. Dokar ba ta biya masu hidima haƙƙinsu duka ba, amma ta sa mutum ya yi tunani kafin ya cika takardarsa da masu suna kaɗai.

Shekarar 2024 ita ce ba za mu manta ba. An tashi daga Florence ta Italiya ranar 29 ga Yuni, aka ƙare a Nice maimakon Paris saboda wasannin Olamfik. Mutum uku a cikinmu suka sa Biniam Girmay ɗan Eritiriya a takardunsu, kuma gaskiya kishin Afirka ya fi lissafi yawa a zaɓin. Mun san ya ci tseren Gent-Wevelgem a 2022, mun san ya ci zango a gasar Italiya a shekarar, murfin kwalbar murna ya buge shi a ido har ya janye washegari. Amma Tour wani abu ne daban. Ranar 1 ga Yuli, zango na uku, mafi tsawo a tseren, kilomita 230 da 'yan kai zuwa Turin. An yi ruwa da rana, ƙasa tana ƙamshi, mun dawo daga masallaci muka tarar saura kilomita biyar. Wayar tana jingine da famfon Baba, mutum goma sha wani abu sun rufe ta. Hoton ya tsaya cak ana saura mita ɗari biyar. Da ya dawo sai ga wani siririn baƙin yaro ya matse ta gefen shingen dama, kansa ƙasa, kekensa yana rawa hagu da dama, ya tsallake layi ya ɗaga hannu. Mai shayin tsallaken titi ya taho da gudu yana tambayar ko lafiya. Baba bai yi ihu ba. Ya ce a mayar masa ya sake gani, aka mayar, ya ce a ƙara. Sannan ya ce: “Ashe namu na iyawa.”

Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a tarihin tseren, shekara 121 bayan an fara shi. Ya ƙara na biyu a zango na takwas, na uku a na sha biyu. A zango na 16 ya faɗi kusa da ƙarshe a Nimes, ya tashi gwiwa da gwiwar hannu suna jini, abokan ƙungiyarsa suka rako shi har layi. Ya riƙe koriyar rigar har Nice. Pogacar ya ci tseren da zango shida a hannunsa, Mark Cavendish ɗan Birtaniya ya ci zangonsa na 35 ya karya tarihin Eddy Merckx yana da shekara 39, sannan ya ƙare a matsayin na ƙarshe cikin 141 da suka kai, daga 176 da suka tashi. Da sabuwar dokarmu, wanda ya sa Cavendish ya sami makinsa na kaiwa, kuma ba wanda ya yi musu.

Akwai wata rana a cikin wannan tseren da ta nuna mini inda irin wannan wasa yake iya kai zuciya. A zango na sha biyu, wanda Girmay ya ci, Primoz Roglic ya faɗi saura 'yan kilomitoci, ya ƙarasa da kafaɗa a yage, washegari bai fito ba. Wani yaro a cikinmu, da ya ga abokin hamayyarsa a rijista ne ke da Roglic, ya buga tsalle yana murna. Babban yayanmu ya dube shi ya ce: “Kai, ɗan mutum ne fa ya faɗi. Yana da uwa.” Wurin ya yi tsit. Ba a fi shekara ɗaya da wata guda ba da rasuwar Gino Mäder, matashin da ya faɗi a gangaren dutse a tseren Suwizalan cikin Yunin 2023. Mutanen nan suna gangarowa da gudun da ya kai kilomita tamanin ko casa'in a awa, ba abin da ke tsakaninsu da kwalta sai 'yar riga da hular kwano. Maki yana sa ka kula da mahayin da da ba za ka san da shi ba, kuma makin nan yana iya sa ka manta cewa mutum ne. Wanda ya sa kuɗi a kai ya fi kowa saurin mantawa. Ban kuma ɓoye wa samarin cewa wasan yana da nasa tabon ba: an ƙwace wa Lance Armstrong nasarori bakwai na 1999 zuwa 2005 saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma wannan zargin bai gama barin tseren keke ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da wani ɗan sakandare ya yi bayan an gama, yaron da ke zuwa makaranta kullum da keken mahaifinsa daga wajen Ambursa. Ya ce: “Kawu, shi Girmay a ina ya koya?” Amsar ita ce a gida. A Asmara tseren keke abin kowane mako ne tun zamanin mulkin Italiya, yaro yana tashi ya ga ana rufe titi saboda masu keke. Kafin Girmay akwai Daniel Teklehaimanot, wanda ya sa rigar gwanin dutse na 'yan kwanaki a Tour na 2015. Burkina Faso, da ba ta fi mu arziki ba, tana shirya Tour du Faso tun 1987. Ruwanda ta gina nata tseren har ta karɓi gasar duniya a Kigali cikin Satumban 2025, karo na farko a Afirka. Mu kuwa sai a 2024 muka fara kai mai tseren keke Olamfik, Ese Ukpeseraye, kuma keken da ta shiga tseren cikin fili da shi tawagar Jamus ce ta ara mata.

Ba ƙafafu muka rasa ba. Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Argungu da asuba a lokacin girbin shinkafa zai ga samari suna tahowa da buhu a kariya, keke mai giya ɗaya, silifas a ƙafa, suna cin kilomita ashirin kafin rana ta yi zafi. Ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo. Mu da muka iya zama mu lissafa daƙiƙoƙin wani ɗan Denmak a kan dutsen da ba za mu taɓa gani ba, ba mu san wane ne ya fi gudu a Nasarawa ba, balle a masarautar Gwandu ko ta Argungu.

Kuma mun san yadda ake mayar da gasa abin alfaharin gari. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ya girma har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Mutanen da suka iya tara dubban masunta a bakin kogin Matan Fada su saki su da harbi ɗaya ba za su kasa shirya tseren yini uku ba. Hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ba ta kai kilomita sittin ba, shimfiɗaɗɗiya ce, zango ɗaya ke nan. Birnin Kebbi zuwa Jega ta Kalgo zango na biyu. Na uku a zagaya cikin gari a ƙare a filin wasa na Haliru Abdu. A yi shi cikin sanyin Disamba ko Janairu, a raba aji biyu, na masu keken tsere da na masu keken gida, domin yaron Ambursa ya samu shiga da abin da yake da shi. Abin da ake buƙata bai wuce jami'an hanya da za su tsare titi na 'yan awoyi ba, da motar asibiti, da hulunan kwano, da ruwan sha, da kyautar da 'yan kasuwar shinkafa za su iya ɗauka ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Ina kira ga ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha, da masarautun Gwandu da Argungu, da shugabannin makarantun sakandare, su zauna a kan wannan kafin hunturu mai zuwa. Ku kuma 'yan majalisu da ke da rijista irin tamu, ku fara da unguwarku: ku auna kilomita goma, ku nemi izinin mai unguwa da na jami'an hanya, ku tara yaran da ke da keke ranar Asabar da safe, ku riƙe musu agogo, ku rubuta sunayensu.